Fam da laba: yadda kalmar "pound" ta zama nauyi, ta kuma zama kuɗi

Mutumin Landan zai iya shiga shagon mahauci ya ce a auna masa pound biyu na nama, mahaucin ya ce kuɗinsa pound goma sha biyu ne, kuma babu wanda zai ruɗe a cikinsu. Na farko nauyi ne, na biyu kuɗi. Hausa ta raba su gida biyu tun zamanin Turawa: kuɗin ta kira shi fam, nauyin ta kira shi laba. Turanci bai raba ba, domin a can asali abu ɗaya ne, kuma rashin rabawar shi ne ke jefa mai koyon harshen, da ɗan kasuwa, har ma da ma'aikacin asibiti cikin kuskure.

Tushen kalmar Latin ne, harshen Rumawa. Ma'auninsu na nauyi sunansa libra, kimanin giram 328, kuma sukan ce "libra pondo", wato libra ta fuskar nauyi. Ƙabilun Jamusawa na dā da ke ciniki da Rumawa sai suka ɗauki kalmar ta biyu suka bar ta farko. Daga pondo aka samu pund a tsohon Turanci, wadda ta zama pound, aka kuma samu Pfund a Jamusanci. Amma malaman da ke rubuta lissafin sarakuna da na majami'u da Latin suke rubutu, saboda haka a takarda libra ce ta ci gaba da zama. Wannan ne dalilin da ya sa ake furta pound amma a rubuta lb, haruffan da ko ɗaya babu a cikin kalmar. Alamar kuɗin ma, £, harafin L ne na libra da aka yi wa ado aka ja masa layi a tsakiya. Lira ta Turkiyya, da tsohuwar lira ta Italiya, da tsohon kuɗin Faransa mai suna livre, duk jikokin libra ne. Rumawa sun kasa libra kashi 12, kowane kashi uncia, kuma daga wannan kalma ɗaya Turanci ya samu ounce da inch, waɗanda Hausa ta mayar oza da inci.

Yadda nauyi ya koma kuɗi

A ƙarshen ƙarni na 8 Sarki Charlemagne ya tsara kuɗin daularsa a Turai bisa laba ɗaya ta azurfa: a narka ta, a buga tsaba 240. A Ingila, Sarki Offa na Mercia, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796, shi ma ya buga kwabon azurfa a kan irin wannan tsari. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. To, idan aka ce mutum ya biya pound ɗaya a wancan lokaci, maganar a zahiri take: ya zuba kwabban azurfa 240, waɗanda in an ɗora su a sikeli za su yi laba ɗaya. Labar da gidan buga kuɗin Ingila ya daɗe yana aiki da ita kusan giram 350 ce, don haka kowane kwabo bai kai giram ɗaya da rabi ba.

Ɗaruruwan shekaru babu wani tsabar kuɗi da ake kira fam. Sunan lissafi ne kawai, kwabo shi ne abin da ke yawo a hannu. Sai a 1489 Sarki Henry na Bakwai ya buga tsabar zinariya mai darajar fam ɗaya, aka kira ta sovereign. Kafin nan ma dangantakar nauyin da kuɗin ta riga ta fara lalacewa, saboda duk sarkin da yaƙi ya cinye wa baitulmali yakan rage nauyin kwabo ko ya ƙara masa tagulla. Henry na Takwas ya fi kowa ɓarna: daga 1544 aka yi ta cakuɗa azurfar har ta zama tagulla ta fi yawa a cikin tsabar. An kafa Bankin Ingila a 1694, takardar fam ɗaya ta fara fita a 1797, kuma a 1931 Birtaniya ta daina ɗaure kuɗinta da zinariya. Yau fam ɗaya ba zai sayi ko kusa da laba ɗaya ta azurfa ba. Sunan kawai ya rage.

Kalmar sterling da ake liƙa masa, kamar a "pound sterling", tsohon sunan kwabon azurfar Ingila ne. Har yanzu maƙeran farfaru na kiran azurfar da ke da kashi 92.5 cikin 100 na tsantsa da wannan suna.

Tsohon lissafi, da abin da ya bari a bakin Hausawa

Ana rubuta tsohon kuɗin da haruffa uku, £ s d, daga libra da solidus da denarius. Shi ya sa a tsofaffin rasidai kwabo yake ɗauke da d, ba p ba. Farashi kamar £2 15s 8d na nufin fam 2 da sule 15 da kwabo 8. In za a haɗa shi da £1 9s 7d, daga dama ake farawa. Kwabo 8 da 7 sun zama 15, wato sule 1 da kwabo 3. Sule 15 da 9 da ɗayan da aka ɗauko sun zama 25, wato fam 1 da sule 5. Fam 2 da 1 da ɗayan da aka ɗauko sun zama 4. Jimla £4 5s 3d. Inda yara suka fi faɗuwa a makaranta shi ne ɗaukowa a kan 10 maimakon a kan 12 da 20.

Mutane kan yi wa tsarin dariya yanzu, amma yana da hikimarsa. Lamba 240 tana rabuwa daidai gida 2, 3, 4, 5, 6, 8, 10 da 12. Mutum uku za su raba fam ɗaya kowa ya tashi da sule 6 da kwabo 8 babu saura, abin da kuɗi mai ɗari ba ya iyawa.

Wannan kuɗin ne Turawa suka kawo Najeriya, kuma daga 1912 wata hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma ce ke fitar da shi ga Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Hausa ba ta da p mai zaman kanta, ba ta kuma son baƙaƙe biyu a ƙarshen kalma, sai pound ta koma fam, kamar yadda aka samu fensir da fenti da fasinja. Shilling ya zama sule, sixpence ya zama sisi, kwabo kuwa daga copper ne, wato tagullar da aka buga shi da ita. Taro kwabo 3 ne, nai kwabo 9, ɗari rabin kwabo, anini ɗaya bisa goma na kwabo, dala ko fataka sule 2, jaka kuma fam 100.

Babban Bankin Najeriya ya fara fitar da fam na ƙasar a 1959. Lokacin da Birtaniya ta karya darajar kuɗinta a Nuwamba 1967, daga dala 2.80 ta Amurka zuwa 2.40, Najeriya ba ta bi ta ba, don haka fam ɗin Najeriya ya koma ya fi na Ingila, yana daidai da £1 3s 4d. Birtaniya ta koma lissafin ɗari ranar 15 ga Fabrairu 1971, fam ya zama sabon kwabo 100, sule ya zama 5p. Najeriya ta canja ranar 1 ga Janairu 1973, amma ita ta sauya sunan gaba ɗaya: naira ɗaya sule 10 ce, wato rabin fam. Daga nan ne fam ya zama naira 2 a kasuwannin Arewa, fam biyar naira 10, jaka naira 200, sule kwabo 10. Dattawa da dillalan dabbobi sun daɗe suna ciniki da wannan lissafi bayan kuɗin kansa ya ɓace. A Nijar kalmomin sun bi wata hanya dabam saboda sefa: dala sefa 5 ce, jaka kuma sefa 1,000. Gana ta riga Najeriya barin fam, ta koma sidi a 1965.

Wane fam ake nufi?

A yau idan aka ce fam ba tare da ƙarin bayani ba, na Birtaniya ake nufi, mai lambar banki GBP. Amma Masar da Sudan da Sudan ta Kudu da Lebanon duk suna kiran kuɗinsu pound a Turanci, kuma darajarsu ba ta kusa da ta Birtaniya. Ɗalibin da aka turo wa takardar kuɗin makaranta daga Alƙahira ko Khartum ya duba haruffa ukun da ke gefen lambar: EGP na Masar ne, SDG na Sudan, SSP na Sudan ta Kudu. A Larabcin Masar da Sudan sunan kuɗin junaihi ne, daga guinea, wata tsabar zinariya da Ingila ta fara bugawa a 1663 da zinariyar gaɓar Afirka ta Yamma, wadda daga baya darajarta ta tsaya a sule 21.

Wanda ke riƙe da fam na Birtaniya a hannu kuma akwai abubuwan da ya kamata ya sani kafin ya je wurin 'yan canji. Takardun Bankin Ingila huɗu ne: 5, 10, 20 da 50, kuma duk na leda ne yanzu. Tsofaffin takardun 20 da 50 na ainihin takarda sun daina aiki a shaguna bayan 30 ga Satumba 2022, ko da yake Bankin Ingila yana ci gaba da musanya su. Masu hoton Sarauniya Elizabeth na leda suna aiki kafaɗa da kafaɗa da masu hoton Sarki Charles da suka fito a 2024. Fam ɗaya tsaba ne tun 1983, kuma tsohon mai da'ira ya daina aiki a 2017, aka maye shi da mai kusurwa 12 saboda jabu ya yi yawa. Sannan bankuna uku na Sikotland suna buga nasu takardun. Fam ne na gaskiya, darajarsa ɗaya, amma wasu shaguna a Ingila kan ƙi shi, 'yan canji a ƙetare kuma sukan ƙi ko su rage farashi. Mai dawowa daga Glasgow gara ya musanya su da na Bankin Ingila kafin ya hau jirgi.

Ɓangaren nauyi

A dā kowane gari da kowace sana'a na da labarsu, kamar yadda mudun wata kasuwa ba ya daidai da na wata. Biyu ne suka rayu. Ta yau da kullum, mai suna avoirdupois, oza 16 ce, kuma tun yarjejeniyar 1959 tsakanin Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashe masu Turanci an tsayar da ita a kilo 0.45359237 daidai. Ta biyu ita ce troy, ta zinariya da azurfa, oza 12 kawai, giram 373. Abin da ke ruɗarwa shi ne ozar troy ta fi ta yau da kullum nauyi: giram 31.1 ce, ɗayar kuma 28.35. Farashin zinariya da ake ji a labarai na ozar troy ne. Wanda ya raba shi da 28.35 don ya sami farashin giram zai ɗora wa kansa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarin da babu shi. Idan Bajamushe ya ce Pfund a kasuwa kuwa, giram 500 yake nufi, haka Bafaranshe da livre.

Hanyar juyawa a ka ba ta da wuya. Daga laba zuwa kilo, a raba biyu, a cire ɗaya bisa goma na abin da aka samu: laba 180 ta zama 90, a cire 9, saura 81, ainihin amsar kuwa 81.6. Daga kilo zuwa laba, a ninka biyu a ƙara ɗaya bisa goma: kilo 70 ya zama 140, a ƙara 14, 154. Jakar kilo 23 da jiragen sama ke yarda da ita ita ce laba 50 a filayen jiragen Amurka.

Amurka da laba take auna komai, daga jariri har babbar mota. Birtaniya ta tsaya a tsakiya. Tun shekarar 2000 doka ta ce kayan da ake aunawa a gaban mai saye a sayar da su da kilo, ana iya rubuta laba a gefe, kuma a 2001 kotu ta kama wani mai kayan gwari a Sunderland da laifi saboda sayar da ayaba da sikelin laba zalla. Duk da haka Bature in zai faɗi nauyin jikinsa da stone yake faɗa, wato laba 14. "Eleven stone four" laba 158 ce, kusan kilo 71.7. Ba'amurke bai san wannan awo ba sam. Tan ma iri uku ne: na Amurka laba 2,000, kilo 907, tsohon na Birtaniya laba 2,240, kilo 1,016, sai na kilo 1,000 da kowa ya sani. Mai shigo da kaya da bai tambayi wane tan ke cikin kwangila ba zai iya rasa kilo 93 a kowane tan. Auduga da sukari da kofi a kasuwar New York da santi, wato ɗaya bisa ɗari na dalar Amurka, a kan laba ake faɗin farashinsu. A ce auduga santi 80 ce, sai a ninka da 2.2046 a sami kusan dala 1.76 a kilo. Koko kuwa a kasuwar Landan da fam ake faɗinsa a kan tan, nan pound kuɗi ne.

Ko mai facin taya da wannan awo yake aiki, ya sani ko bai sani ba. Lambar da gejinsa ke nunawa psi ce, wato laba nawa ke danna kowane murabba'in inci. Yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 suke so, kuma ainihin adadin yana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Lambar da ke jikin tayar iyaka ce da bai kamata a wuce ba. Wasu gejin da bar suke aunawa: bar ɗaya psi 14.5 ne, don haka 2.2 ita ce 32. A auna tayar tana sanyi, domin tafiya na ɗaga lambar.

Inda kuskure ke tsada

Ranar 23 ga Yuli 1983 wani jirgin Air Canada, Boeing 767, ya tashi daga Montreal zuwa Edmonton da mutum 69. Gejin mansa ba ya aiki, sai aka auna man da sanda aka yi lissafi da hannu. Jirgin sabo ne, da kilo yake aiki, alhali ma'aikatan sun saba da laba. Suka ninka litocin da 1.77, wanda laba ce a kowace lita, maimakon kusan 0.8 na kilo. Ana buƙatar kilo 22,300, aka tashi da laba 22,300, ƙasa da rabi. Injuna biyun suka mutu a sama, matuƙan suka lallaɓa jirgin ya sauka a tsohon filin sojan sama na Gimli, babu wanda ya rasu. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars saboda wata manhaja tana fitar da ƙarfin turi da awon laba, wadda ke karɓa kuma tana ɗaukarsa a matsayin awon newton na tsarin kilo da mita.

Wanda ya fi kusa da mutane shi ne na magani. Maganin yara da nauyin jiki ake lissafa shi, miligiram kaza a kowane kilo. Yaro mai laba 30 kilo 13.6 ne. In maganin miligiram 15 ne a kilo, rabonsa kusan 204. In aka ɗauki 30 ɗin a matsayin kilo, za a ba shi 450, fiye da ninki biyu. Hakan na faruwa da sikelin da aka sayo daga Amurka, ko mai maɓallin da ke juya shi tsakanin lb da kg wanda wani ya taɓa ba a lura ba. Akwai kuma kuskuren ɗigo: jariri mai 7 lb 8 oz laba bakwai da rabi ne, kilo 3.4, domin oza 8 rabin 16 ce. Rubuta shi 7.8 kuskure ne.

Yadda ake faɗa da rubutawa

Alamar kuɗi gaban lamba take zuwa, £20, ta nauyi kuma baya, 20 lb. Ana ganin lbs a jam'i, kuma an saba da shi. £5.50 ana karanta shi "five pounds fifty", ko "five fifty" kawai a shago. Jam'in yana ɗaukar s, amma idan adadin ya zama siffa gaban wani suna s ɗin na faɗuwa: "ten pounds", amma "a ten-pound note", "a seven-pound baby". Nan masu koyo suka fi tuntuɓe. A titi Bature quid yake cewa, kuma ba ta ɗaukar s ko da adadin ya kai dubu: "twenty quid". Kwabo kuwa harafin p ake furtawa, "fifty p".

Alamar # ma ta shiga rikicin. Asalinta lb ce da magatakarda ke rubutawa da sauri suna ja mata layi, shi ya sa a Amurka sunanta "pound sign". In na'urar amsa waya ta wani kamfanin Amurka ta ce "press pound", # take nufi. A Birtaniya wannan hash ce, "pound sign" kuma £.

Karin magana uku ne aka fi ji. "In for a penny, in for a pound" kusan ita ce in za ka sha giya sha ta dubu. "Penny wise and pound foolish" ana faɗa wa mai ƙwauron kwabo da ke zubar da fam, kamar wanda ya ƙi canja baƙin mai har inji ya buga. "Pound of flesh" ta fito daga wasan kwaikwayon Shakespeare inda mai ba da bashi ya nemi laba ɗaya ta naman jikin wanda ya kasa biya, kuma ana faɗinta ga wanda ya dage sai ya karɓi haƙƙinsa kaf ba tausayi. A biyun farko kuɗi ne, a ta uku nauyi. Haka ma "pound for pound" na masu sharhin dambe, wato in an daidaita nauyin jiki wa ya fi iyawa.

Akwai wasu pound biyu da ba su da dangi da libra ko kaɗan, rubutu ne kawai ya haɗa su. Ɗaya shinge ne da ake tsare dabbobin da suka ɓata ko suka yi ɓarna har mai su ya biya tara. Daga ita aka samu impound, kalmar da ake gani a takardar 'yan sanda ko kwastan in an tsare mota ko kaya, kuma pond, wato kududdufi, 'yar'uwarta ce, ruwan da aka tare. Ɗayar aikatau ce mai nufin daka ko kirɓa, daga tsohon Turanci punian, wadda d ɗinta daga baya ta shigo. Ita ce a "pounded yam", sakwara. Compound da ake kiran gida mai katanga da shi kuwa, duk da kamar da yake yi da shingen dabbobin, daga kampung ne na harshen Malay, Turawan da suka yi kasuwanci a kudu maso gabashin Asiya suka ɗauko shi.